Mun Je Hasumiyarki, Dakta

Zuwa ga matata Rabi'atu, wadda na fara kira Dakta ban jira jami'a ta yarda ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Ubangiji tana sauka a makwancinki safe da yamma. Idan kin tambaye mu, muna nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Haka malaminmu na firamare ya koya mana buɗe wasiƙa, kuma kin san daga wajensa ban ƙara wani abin kirki a boko ba, sai ki karɓa a haka.

Na san ɗalibanmu na unguwar Bukit Jalil da nake ɗaure wa kaya zuwa gida su ne za su karanta wannan, su yi ta dariyar rubutuna. Su yi. Da ke nake magana.

Mun je hasumiyar nan taki, ni da 'yarmu Ummi. Wadda kika liƙa hotonta a jikin firji, fara, a kan tudu a ƙarshen tsibirin Penang na nan Malesiya, mai fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Kullum kina cewa za mu je idan kin gama babi na huɗu na kundin digirinki. Babi na huɗu yana nan a kwamfutarki, ban taɓa shi ba, ko na buɗe ma ba ganewa zan yi ba. Ummi tana kiran wurin da sunansa na Malay, da na tambaye ta fassara ta ce gidan wuta. Kin tuna na ce ku je ku dawo, ni duk ibadar da nake yi don kada a kai ni can ne. Kika yi dariya har shayi ya sarƙe ki.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba, gara in faɗa miki gaskiya. Bayan an share makoki, Hajiya mahaifiyarki ta kira ni. Ta ce namiji ba ya rainon 'ya mace shi kaɗai a ƙasar mutane, a turo mata takwararta Kano. Na tsinci kaina a tsugune a tsakiyar falo, waya a kunne, na cire hula, ina cewa to Hajiya, to Hajiya. Tsakanina da ita akwai teku da ƙasashen da ban san sunansu ba, amma gwiwata ba ta san da haka ba. Ke kin san ban taɓa iya haɗa ido da ita ba, balle in ce mata a'a, kuma ga ta da ɗanyen rashi.

Da ma a ce ba ta da gaskiya, da na nemi wani babba ya je ya ba ta baki. Amma na gwada yi wa Ummi kitso, yarinyar nan ta yi mako ba ta cire hijabi ba ko a ɗaki. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne wata safiya da na ji ta a banɗaki tana kiran Mama, Mama, da wata irin murya. Ta manta. Na tsaya a bakin ƙofa da hannuwana biyu, ni da nake ɗaure kwalin da zai kai Kano bai yage ba, na rasa abin yi. Sai maƙwabciyarmu na kira, tsohuwar nan 'yar Malay da Ummi ke ce wa Mak Cik. Ta shiga, suka rufe ƙofa. 'Yarki ta girma, Dakta, ba kya nan.

Mak Cik ɗin ce kuma take kai ta wurinki. A nan mata suna shiga maƙabarta, ba kamar gida ba. Da farko na so in hana, sai na ga yadda take dawowa da sauƙin zuciya, na ƙyale ta. Duk Juma'a Ummi tana cika gora da ruwa, ta sayi fure a unguwar Brickfields, ta je ta zuba miki, ta ba ki labarin makaranta. Wata rana a gidan abincin Indiyawa Musulmi da ake ce wa mamak, muna jiran shayi, ta ce mini ita ko an ba ta duniya ba za ta bar Mama ita kaɗai a ƙasar nan ba. A lokacin tikitinta yana cikin wayata. Na ce mata shayin ya yi sanyi, ta sha.

Na yi ta neman bakin da zan gaya mata, na rasa. A gida hotonki yana kallona. A shago kuwa, can titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, mutane ba sa ƙarewa. Sai na ce bari in kai ta inda kika so zuwa, ko albarkacinki maganar ta fito.

Da kin ga shigar da na yi, da kin ce ba ki san ni ba. Shaddata mai ruwan toka, hula zanna, takalmi sau-ciki. Ni a tunanina wurin da aka sa a hoto wuri ne na mutunci. Ummi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, daji ne fa, ba ɗaurin aure ba." Da Turanci ta faɗa, amma harara irin taki ce, ba ta buƙatar tafinta.

Mota ta kai mu tsibirin, daga nan sai ƙaramin kwalekwale mai inji. Ruwan da na sani a rayuwata shi ne na Tiga, shi ma daga kan gada. Aka ɗaura mini rigar nan mai hana nutsewa a kan shadda, na riƙe ƙarfe da hannu biyu, duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Ummi tana gaba, iska tana kaɗa hijabinta, ba ta juyo ba.

Muna sauka a bakin yashi birai suka tare mu. Shinkafar kwakwar da na sayo a ƙunshe tun safe, wani ƙato ya fizge ledar ya hau bishiya, ya zauna yana buɗewa a natse kamar shi ya yi odar. Na ce masa Allah ya isa. Nan ne kaɗai ta yi murmushi a duk ranar.

Sai hawan tudu cikin kurmi. Ba zan ɓoye miki ba, na zauna a hanya fiye da yadda na yi tafiya. Duk inda na zauna sai in ce yanzu zan faɗa mata, sai numfashi ya ƙi, in ce bari mu kai sama.

Hasumiyar taki ba ta kai tsayin da hoto ya ba ta ba. Fara ce dai, fentin ya fara ɓarewa ta ɓangaren teku. Muka hau matattakala mai murɗewa, muka fito wani ɗan baranda mai shingen ƙarfe. Ruwa ne, Dakta, har inda ido ya gaji. Jirage can nesa kamar ba sa motsi. Fitilar kuwa a kashe, don da rana muka je. Na ce wa Ummi, ga shi mun sha wannan wahala mun tarar an ɗauke wuta kamar a gida. Ba ta yi dariya ba. Ta ciro hoton nan na firji daga jakarta, ban ma san ta ɓamɓaro shi ba, ta ɗaga shi saitin ruwan ta daɗe a haka. Muka sauko ban faɗa mata ba.

La'asar ta yi. Na yi alwala da ragowar ruwan gora, na shimfiɗa ɗankwalin da Ummi ta ba ni a kan siminti a gindin hasumiyar. Waya ba sabis, ba rufin ɗaki balle in ga kibiyar alƙibla. Kaina kuma ba ya jikina. Sai na duba inda rana take, na ba ta baya, na ta da kabbara.

Kin tuna farkon zuwanmu, a ɗakin nan na Brickfields? Ke kina makaranta, ni ina gida da Ummi tana rarrafe, a takarda ni ne ɗan rakiya. Na yi kwanaki ina sallah haka, in ba rana baya da yamma, kamar yadda mahaifina ya koya mini a gona, don mu tun da muka tashi gabas muka sani. Wata rana kika dawo da wuri kika same ni na ba Ka'aba ƙeya. Kafaɗuna kika kama kika juya ni ina cikin karatu. Da na sallame kika ce, "Baban Ummi, ka wuce Makka da jirgi, a nan yamma ake kallo." Kika nuna mini kibiya a silin, wadda ni na ɗauka hanyar gudu ce idan gobara ta tashi. Shekara da shekaru kina ba baƙi labarin nan.

Ina cikin Fatiha na ji hannu biyu a kafaɗuna. Ƙanana ne, sai da ta yi ɗage. Ummi ta juya ni a hankali har rana ta dawo fuskata. Ban san yadda na ƙarasa sallar nan ba, Allah dai ya karɓa.

Da na sallame tana zaune a gefe tana wasa da tsakuwa. Ba ta dube ni ba ta ce ta sani. Ta san ranar tafiyar ma. Ashe duk saƙonnin muryar da Hajiya ke turowa, da nake buɗewa da ƙarfi a kicin don ina ganin Hausar tsofaffi ta fi ƙarfinta, tana ji tsaf. Amsawa ce kawai ba ta yi da Hausa. Ni ina ta dakon magana har kan tudu, yarinya ta riga ni ɗauka tun a gida, ita kaɗai.

Ta ce, "Wa zai riƙa zuwa wurin Mama?" Na ce ni. Ta ce ban san furen da kike so ba. Na ce a nuna mini.

Sai ta tambaye ni a Kano ina ake kallo. Na ce can kuma yadda na yi ɗazu shi ne daidai, ubanki ba kullum yake kuskure ba, ƙasa ce ba ta dace da shi ba. Ta tambaye ni yadda aka kwantar da ke. Wannan na sani, don ni na shiga ramin, ni na karɓe ki. Na ce a kan hannun dama, fuskarki tana kallon alƙibla, da hannuna na gyara ta.

Sai ta jera tsakuwa uku a kan simintin. Ta ce wannan Mama, wannan Makka, wannan Kano. Ta juya ta farkon ta kalli ta tsakiya, ta juya ta ƙarshen ita ma ta kalli ta tsakiya. Ta daɗe tana dubansu. Kanki ta ɗauko, Dakta, ni ban gane ba sai da ta faɗa. Ta ce ke nan idan ta tsaya sallah a gidan Hajiya, fuskarta da taki suna kallon juna.

Na ce haka ne. Ban sani ba ko masu taswira za su yarda, ban kuma tambaye su ba.

Ta kwashe tsakuwar ta zuba a jaka. Ta ce, "Boleh lah, Baba." Ta yarda ke nan. Na so a ce ta yi mini rigima, ta zage ni da Malay ɗin da ba na ji. A kwalekwale muna komowa ta juya mini baya, kafaɗunta suna rawa, ni kuma na bar wa ruwan teku laifin abin da ke fuskata. Har muka sha kwana ina waiwaye, ba a kunna fitilar ba.

Ummi ta tafi. Matar wani malami da ke komawa gida ce ta riƙe mata hannu. Ni na ɗaure mata akwati, kuma duk Kuala Lumpur ba wanda zai ɗaure shi kamar haka, wannan kaɗai ne digirina. A filin jirgi ta sa mini tsakuwa ɗaya a aljihu, ta ce taki ce, in kai miki. Biyun suna wurinta.

Jiya da safe na tashi na tarar da saƙon muryarta. Da Hausa, Dakta. Karyayya, amma Hausa. Ta ce ranar farko ta tashi yin la'asar a tsakar gidan Hajiya, ta duba rana ta fuskance ta, ta kabbarta. 'Ya'yan yayyenki suka fashe da dariya, suna cewa 'yar Malesiya ba ta san gabas ba. Hajiya ta taso da sandarta, ta kore su, ta kama kafaɗunta ta juya ta. Ta ce hannun Hajiya irin naki ne. Daga nan saƙon ya yanke.

Kin ga abin da ta gada a wurina ke nan.

Gidan ya yi girma. Na bar gurbin hoton a jikin firji, farin wuri mai kusurwa huɗu. Ran Juma'a na zo miki da gora da fure, Mak Cik ta ce ba shi ba ne, irin na amare na sayo. Ki yi haƙuri da shi, zan koya. Tsakuwar tana wajen kanki. Da na gama addu'a na tsaya ta inda kike kallo, na daɗe, ba abin da na gani sai katanga da bishiyar mangwaro.

Allah ya jiƙanki, Rabi. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah ya raya Ummi a hannun Hajiya, ya ba Hajiya tsawon rai da lafiyar riƙe ta, ya sa kada yarinyar nan ta saba da rashina har ta daina kira. Ni kuma Allah ya sa ranar da za a kwantar da ni a samu mai gyara mini fuska, don kin san ni da juyawa ba daidai ba.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Garba, wanda kike kira Farfesan Kwali.