Muryar Baba Tana Jiran Sa Hannunka

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, amma idon sai a hankali, yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Gwaggo ta zo ta yi mana mako biyu, ta sauya wa kujerun falo wuri har sau uku, ta tafi ta bar mu muna tuntuɓe. Bishiyar da ke bayan tagar ɗakin karatu ta yi fure bana, ƙamshinta har cikin gida.

Yaya, maganar muryar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna shekarar da ka zaunar da shi a wannan ɗakin, ka rataya barguna a bango don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, yana karanta maka jimloli yana mita wai ka mai da shi aku? Da su ka haɗa ƙunshin manhajar nan mai karanta rubutu da muryarsa, ka shigar da shi ma'ajiyar Linux, tsarin kwamfutar nan da ni da kai muke wa aikin sa-kai. Tun da idon Inna ya raunana, da shi take jin saƙonninta. Kullum da hantsi takan zauna gefen taga, rana na taɓa ƙafarta, Baba na karanta mata. Wani lokaci ina kicin sai in ji kamar ya leƙo ne daga wani waje mai nisa ya ga ko muna lafiya.

To, sabuwar fitowar tsarin ta gabato, kuma manhajar sautin da ƙunshinka ya dogara da ita ta sauya, har ƙunshin ya daina haɗuwa, ba ya aiki. An yi ta aiko maka da saƙo a matsayinka na mai kula da shi, shiru. Na san ba ka sake buɗe wancan akwatin saƙon ba tun rasuwar Baba, kuma ban ga laifinka ba. Sai aka sa shi cikin jerin waɗanda ba su da mai kula, aka ce idan ba a gyara ba kafin Alhamis ɗin ƙarshen wata za a cire shi. Tsohuwar kwamfutar Inna kuwa numfashi take da ƙyar, sabuwar kwamfuta kuma sai da sabon tsarin take aiki. Shi ya sa na karɓi ƙunshin.

Bari in ba ka labarin wautata, ka samu abin tsokana. Na gyara, na haɗa, na sa gwaje-gwajen na'ura, duka suka fito kore shar, alamar komai daidai. Ina ta hura hanci na ɗora wa Inna. Ta saurari jimla biyu kawai ta ce in kashe, wannan ba maigidanta ba ne. Ta ce shi bai taɓa gaggawa ba, kuma yakan ɗan ja numfashi kafin ya ce amma. Ashe sabuwar manhajar tana yanke duk wani shiru a matsayin ɓata lokaci, ni kuma na yi gwajin ne alhali lasifika na kashe, na yarda da launi. Sai da ta tuna mini cewa gani ya kori ji, amma ba a wajen murya ba.

Kwana huɗu na yi ina mayar da shirun nan. Ina kallon zanen muryarsa a kan allo, tudu da gangare, kamar hanyar da yake bi da mu makaranta, kai a gaba, ni riƙe da gefen rigarsa. A tsakanin kalmomi akwai ɗan fili, a nan na fi jin sa. Har na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da na sake kunna wa Inna, sai ta gyara ɗankwalinta.

Ka san ƙa'idarmu, mai gyara ba ya shaidar kansa. Sai mutum biyu sun ɗora, sun gwada, sun sa hannu kafin ƙunshi ya bar ɗakin gwaji. Wani malami makaho da ban taɓa gani ba ya sa nasa, har ya ce a gaishe da mai muryar. Ban iya gaya masa ya rasu ba. Saura ɗaya, kuma masu jin harshenmu a cikin 'yan sa-kan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, duk na bi su, kowa da uzurinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Yaya. Aikin bai wuce minti goma ba, amma na san wane irin minti goma ne, domin dole sai ka saurara. Idan ka ji wani abu ba daidai ba, kada ka sa hannu don kunyata, ka fi ni sanin muryar.

Inna tana gaishe ka ƙwarai, haka Gwaggo da Kawu mai gyaran agogo. Ka gaishe mini da Anti, da Takwara, da 'yar ƙaramar da ban taɓa ɗauka ba. Idan ka tashi ba da amsa, kada ka kira waya, kuma kada ka rubuto mini. Ka rubuta wa Inna, ko da layi uku ne. Ta ce shekara uku ke nan Baba yana karanta mata saƙon kowa, saura na ɗansa.

Taka ƙanwa mai kewarka,
Auta