Takardar Salanieta tana jiran hannunka

Labasa, 14 ga Agusta

Zuwa ga maigidana Ilaitia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a gonar lemun nan ta Mildura, can ƙasar waje. Allah ya raba ka da sanyin da ka ce yana fasa maka hannu. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi har ta je coci ranar Lahadi, rogon bayan gida kuma ya isa haƙa.

Baban Sala, na zaɓi rubutu ne domin duk ranar da na ɗauko maganar nan a waya sai ka ce layi ba kyau. Talatar makon jiya 'yarmu Salanieta ta gudu daga makaranta. Ruwa ne ya kece a kan kwanon ajinsu, aka kuma buga gangar ƙarfe tara da makarantar ke bugawa a madadin ƙararrawa, sai ta toshe kunnuwa ta fice da gudu. Kusan awa guda ana nemanta. Wani mai yankan rake ne ya tsince ta zaune a tsakiyar layin dogo tana jera duwatsu, ka kuwa san yadda jirgin rake ke zirga-zirga a wannan lokacin.

Washegari hedimasta ya kira ni. Ya ce, “Maman Sala, yara arba'in da biyu, malama ɗaya. In ta sake fita, me zan gaya wa duniya?” Wai gara ta zauna a gida sai baɗi. Malamar ajinsu, Kamini, ita ce ta ce, “Haba yallaɓai, 'yar shekara takwas da ta fi ni sanin sunayen kifi za mu kora?” Ta fito da littafin da ta yi wata biyu tana rubuta duk ranar da Sala ta birkice: ko ruwa a kan kwano, ko ganga, ko an sauya mata kujera ba a gaya mata ba. Babu rana ɗaya da ta yi don rashin kunya.

Muka shirya haka: za a nuna mata kati kafin a buga ganga, kujerarta ta bar bakin ƙofa, ni kuma in riƙa zama a barandar aji da safe. Ƙanenka Peni ya kawo mata abin toshe kunne irin na ma'aikatan injin sukari. Jiya an yi ruwa, ta yi kuka, amma ba ta fita ba. Hedimasta ya ba mu zuwa ƙarshen zango, da sharaɗin likita ya duba ta, don su nemi mataimakiyar malama. Likitan zai zo daga babban birni Suva ranar ashirin da takwas, kuma takardar izinin duba ta, wadda na haɗo maka da wasiƙar nan, sai da sa hannunmu mu biyu.

Na san ka ce 'yarka ba mahaukaciya ba ce, shiru ne irin na gidanku. Babu wanda ya ce hauka. Malama tana zaton otizim ne, wato ƙara da haske suna shigarta fiye da yadda suke shigarmu. Yayarka Vasiti ta ce sangarta ce, bulala take so. Ban taɓa gaya maka ba, bara na gwada yi mata bulalar, kwana uku Sala ba ta ce uffan ba. Ni ma ina tsoron sunan nan ya bi ta har girma, ban kuma san me likitan zai faɗa ba.

Ɗazu ina taje mata kai ta ce, “Mama, ni ce na lalace?” Na ce ko kusa. Ta ce, “Baba ma haka ya ce?” Na ce zan tambaye ka. Don Allah ka sa hannu ka turo hoton takardar ta waya, sannan ka kira ta ka amsa mata da bakinka.

Mahaifiyarka da Peni da Vasiti suna gaishe ka. Ka gaida kawu Sairusi da kuke ɗaki ɗaya.

Taka har kullum,
Mereoni