Wankin Cikin Yaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da keken ɗinkinki.

Kwana huɗu ina kiran wayarki ba kya ɗauka, shi ya sa na ba direban motar layinku wannan takarda. Jiya 'yarki ta ce min an kai ki asibiti wankin ciki. Wallahi sai da na zauna daɓas! Ɓari kika yi, Yaya? Da jikoki uku, kuma ko ki sanar da ni kina da juna biyu? Allah Ya mayar da alheri. Amma gaskiya raina ya ɓaci.

Ƙanwarki,
Auta


Auta sarkin azarɓaɓi,

Wa alaikumus salam. Na yi dariya har da hawaye, kuma ita ce dariyata ta farko a watan nan. Ciki a shekara hamsin da uku? Allah Ya shirye ki.

Hanjina za a duba. Wata biyu ke nan ina ganin jini a bayan gida, yadda ciwon Baba ya fara. Likita ya ce zai zura siririn bututu mai kyamara ya leƙa babban hanji, amma sai na shanye magani jarka guda, cikin ya wanku tas tukuna. Wankin cikin ke nan da kika ji.

Na kasa, Auta. Ranar shan maganin ban rufe shago ba, don kada maƙwabta su dame ni da tambaya. Ina taka keke, ba abin da nake gani sai Baba a gadon asibiti. Na ɗaga jarkar na kwankwaɗa don in huta, rabi ya dawo a kan yadin mutane. Washegari likita ya ce hanjin bai wanku ba, bai ga komai ba. Mai jinya ta ce fargaba kan tayar wa mutum da zuciya har ya kasa riƙe maganin. Sun sake ba ni ranar Alhamis ta sama.

Ba zan koma ba. Tsoro nake ji. Gara ban sani ba.

Ki gai da mijinki.
Yayarki


Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na janye jajena na ɓari, amma faɗan yana nan.

"Gara ban sani ba." Shekara biyu Baba yana faɗar haka muna yi masa shiru don kunya, sai da ya faɗi aka kai shi, likita ya ce mun makara. Ni da ke muka yi jinyarsa. Ba zan sake jin maganar nan daga bakin wani nawa in kyale ba.

Na tambayi maƙwabciyata mai aikin jinya. Ta ce ba a kwankwaɗarsa. A sanyaya shi a firji, a sha kofi-kofi ana hutawa ana ɗan zagaya tsakar gida, a bi lokutan da ke takardar likita. Kuma mutum ya samu wanda zai ɗebe masa kewa.

Na ɗauki hutu a makaranta, ranar Talata ina hanya. Ni zan rufe shago, makulli a jakata. Duk kofin da kika sha zan sha na ruwa, mu riƙa tseren bayi kamar muna yara. In kin ƙi, na rantse sai na gaya wa duk masu kawo miki ɗinki cewa ɓari kika yi.

Taki har kullum,
Auta


Autata,

Da fatan kin isa gida lafiya. Har yanzu in na tuna ki a ƙofar bayi kina ihun "Yaya fito, nawa ya matso!" sai na tsayar da keke na yi dariya.

Yau sakamako ya fito. Ɗan tsiron nan da likita ya gani a hanjina ya cire ranar Alhamis ba irin na Baba ba ne. Ya ce da an bar shi shekaru, zai iya rikiɗewa. Na yi kuka a ofishinsa, ban ji kunya ba. Alhamdu lillahi.

Sai dai ya tambaye ni ko ina da 'yan'uwa, ya ce su ma ya kamata a duba su. Na ba shi sunanki, ya sa miki ranar sha biyu ga wata.

Kada ki ce min komai. Na riga na wanke kofuna biyu.

Yayarki