Galia da Burodin Kakarta

Sansanin 'yan gudun hijira na Smara, 3 ga Maris

Yaya Lehbib,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Sifen? Mu nan lafiya lau, sai dai maganar 'yata Galia.

Ma'aikatan lafiya sun zo makarantarsu sun ɗibi jinin yara a yatsa. Nata ya nuna wata cuta da suke kira siliyak, muka je asibiti aka tabbatar. Ashe kumburin cikin nan da zawo da ƙin girma, duk alkama ce ke lalata mata hanji. Likita ta ce ba burodi, ba kuskus, ba taliya, ba sha'ir, har abada. A nan fa, Yaya, inda rabin abincin tallafi fulawa ne!

Yarinyar ta karɓa. Inna ce matsalar. Cewa ta yi, "Shekara arba'in burodina na riƙe da tantin nan, yau wata mai farar riga za ta ce guba ne?" Shekaranjiya na kama ta tana tura wa Galia gutsure ta ƙarƙashin mayafi. Wuni yarinyar ta yi tana murƙususu. Don Allah ka yi mata magana, kai kaɗai take ji.

Ƙanwarka,
Tfarrah

Alicante, 21 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Tfarrah,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na gode wa Allah da aka gano cutar da wuri. Ki ware wa Galia tukunyarta da rariyarta da cokalinta.

Sai dai ki sassauta wa Inna, domin akwai abin da ba ki sani ba. An gaya miki zazzaɓi ne ya ɗauke ɗan'uwanmu Bashir kafin a haife ki. Ni na gan shi. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka tsotse, Inna kuwa kullum tana jiƙa masa burodi a madara don ya yi ƙarfi. Bai cika shekara huɗu ba. Idan ta yarda da maganar likita yau, kin san abin da ta yarda da shi. Kada ki karanta mata wannan takarda.

Allah ya ba mu haƙuri. Ki gaida kowa.
Yayanki, Lehbib

Smara, 30 ga Afrilu

Yaya, salamu alaikum, ya gida ya aiki?

Na sha kuka da na karanta takardarka, amma ban gaya wa Inna ba. Galia ce ta yi aikin.

A bikin 'yar maƙwabciyarmu Salka aka ajiye babban faranti na kuskus da naman raƙumi. Inna ta dunƙula loma ta miƙa wa Galia a gaban mata kusan talatin, ta ce, "Karɓi nan, 'yar nema, loma ɗaya ba ta kisa." Galia ta maida hannuwa baya ta ce, "Kaka, ba ƙin ki nake yi ba. So nake in girma in fi ki tsawo." Mata suka kwashe da dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ta, ta ce a hankali, "Ke dai kina da bakin faɗa. Shi bai samu ba." Ta mayar da lomar, ta tashi.

Washegari na tarar da ita tana murza garin masara don yin kuskus. Tukunya uku ta ɓata, ta biyun ko awaki sun ƙi ci. Ta huɗu kuwa, Yaya, Galia har lasar kwano ta yi! Wallahi ban san wacce zan fi alfahari da ita ba.

Taka,
Tfarrah

Smara, 9 ga Nuwamba

Lehbib,

Ina gaishe ka. Ni ke faɗa, Galia ke rubutawa. An sake auna jininta, likita ta ce sai godiya. Rigunanta duk sun ɗage. Na bi tantunan unguwarmu na tasa yara goma sha ɗaya zuwa gwaji, an samu biyu, yanzu iyayensu wurina suke koyon girki.

Ka zo da Sallah. Kuskus ɗaya zan dafa wa kowa, na masara. Wanda bai so ya zauna da yunwarsa.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Dumaha

Kawu, wai da kai take. Galia.