Man Kaɗanya a Cikin Boris

Laraba da dare, Haɗeja

Na kasa barci. Yau ban kama komai a kogi ba, don keken fatsata mai naɗe zare ya cije, ina juyawa yana gurnani kamar dutsen niƙa. Alhali ran Juma'a na wanke shi tas, na ɗiga masa man keken ɗinki, na rataye a zaure.

Da la'asar na kwance shi, na tsoma boris ɗin, ƙarfen da yake juyawa a kansa, cikin kananzir, sai wani farin maiƙo ya taso, haɗe da yashi. Na shinshina yatsana. Man kaɗanya ne. An ɗauka, an je ruwa da shi, an yar a rairayi, sannan aka cusa masa mai don a ɓatar da sawu.

Da farko ƙanena Sale na zarga, har na yi masa magana mai zafi. Ya ce, "Yaya, wa ke shafa man kaɗanya a gidan nan?"

Baba ne, saboda gwiwarsa. Baban da kullum yake cewa keken nan abin wasan yara ne, masuncin gaske taru da gura ya sani, shi ko a mafarki ba zai taɓa shi ba.

To, amma ƙatuwar tarwaɗar da ya kawo shekaranjiya fa? Ya ce a gura, tarkonsa na kifi, ta shiga. Ni na gyara ta, kuma na ga hujin ƙugiya a leɓenta.

Na sake wanke boris ɗin, na haɗa keken, na mayar zaure. Wannan karon na rataye ƙasa-ƙasa, inda hannun Baba zai kai.