Matakala Arba'in da Shida

Litinin, 3 ga Maris

'Yar Yaya ta bugo waya da hantsi. An sake kwantar da Yaya a asibiti, kuma wannan karon likita bai yi zancen sallama ba. Ta ce jiya ta ambaci sunana sau biyu. Shekara goma sha ɗaya rabona da ita. Mu bakwai aka haifa, saura ni da ita.

Zan je. Na rubuta a nan don kada gobe in ce ban faɗa ba.

Talata, 4 ga Maris

Na gaya wa 'yata Auta. A waya ta ce, "Baba, jirgin ƙasa biyu ne fa, wuni guda cur. Kai da ko kemis za ka sai ka zauna sau biyu a hanya." Wai in jira ta sami hutu a watan Yuli ta zo ta kai ni. Ita tana can nesa da aikinta da 'ya'yanta, ban ga laifinta ba. Amma Yaya ba ta da Yuli.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai kemis ne ya nuna mini wani dandalin matafiya a waya. Ya ce mutum yakan rubuta tambayarsa, waɗanda suka bi hanyar su ba shi amsa, kyauta. Ya buɗe mini shafi, ya ce wane suna zai sa. Na ce ya sa Tsohon Akawu.

Na wuni ina tsara wasiƙar a takarda kafin in kwafe ta da yatsa ɗaya. Adireshina a sama, kwanan wata, gaisuwa, sannan tambayoyi uku: ina ake sauya jirgi, akwai hawa da sauka, akwai makewayi a ciki. Na rufe da "Naku mai biyayya."

Juma'a, 7 ga Maris

Mai kula da dandalin ya goge adireshina, wai hatsari ne. To ina za a aiko amsar?

Amsoshi biyar. Ɗaya ya ce in hau jirgin sama. Ɗaya ya ce in zauna ta hagu don in ga duwatsu. Wata ta rubuta "Kakanmu na kanmu" da fuskoki masu dariya guda shida. Ba wanda ya taɓa zancen makewayi.

Lahadi, 9 ga Maris

Na dace, ina jin. Ina ta laluben shafuka sai na ci karo da dogon rubutun wani mai kiran kansa Mai Sanda. Hanyata sak ya bi, kuma shi ma gwiwa ce ke damunsa. Ya ce a hau jirgin bakwai da minti goma, tarago na uku, don makewayinsa yana da ƙarfen riƙewa. A babbar tasha ba sai an haye gada ba, jirgi na biyu a dandamali ɗaya yake tsayawa. Har bencin da ke kusa da famfo ya ambata, ya ce na ƙarshen ne ba ya girgiɗi.

Mutum ne mai tsari, daga rubutunsa na gane. Na ja layuka da rula na kwafe komai. Na rubuta masa godiya a ƙasan rubutun, na tambaye shi maganin da yake shafawa.

Talata, 11 ga Maris

Bai amsa ba tukuna. Na sake rubuta masa, na ba shi labarin Yaya kaɗan.

Alhamis, 13 ga Maris

Shiru. Wataƙila yana kan tafiya. Na sauko da jaka, na wanke ta, na shanya.

Asabar, 15 ga Maris

Mai kula da dandalin ya rubuto mini, da ladabi dai. Ya ce Baba, ka duba kwanan watan da ke saman rubutun nan. Na ɗauko gilashin ƙara girma. Ga shi can, ƙanana, launin toka. Shekara tara ke nan da Mai Sanda ya yi rubutunsa, shekara bakwai rabonsa da shiga dandalin. An rushe tashar an sake gina ta. Jirgin bakwai da minti goma ma babu shi.

Shekara talatin da huɗu na yi a gidan waya. Abin da na fara koya wa duk sabon ma'aikaci shi ne ya duba hatimin kwanan wata kafin ya duba komai. Wasiƙa huɗu na rubuta wa mutumin nan, kowa yana karantawa. A ta ƙarshe har na ce idan ya zo garinmu ya sauka a wurina, akwai ɗaki.

Ban tambayi abin da ya same shi ba. Mai ciwon gwiwa da ya yi shiru shekara bakwai.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban buɗe wayar ba. Ruwan zafi da burodi.

Talata, 18 ga Maris

Wata mata ta rubuto, sunanta a can Mai Jirgin Safe. Ta ce ta karanta wasiƙuna duka huɗu (na so ƙasa ta tsage), kuma kullum ta wannan tashar take bi zuwa aiki. Jiya ta ƙirga mini. Yanzu dole a haye gadar sama. Matakala ashirin da uku hawa, ashirin da uku sauka. Akwai lif, na'urar hawa da sauka, amma tun farkon shekara yake a lalace. Tsakanin jirgi da jirgi minti goma sha huɗu.

Arba'in da shida. Ta ce har wani ya bangaje ta tana ƙirga, sai da ta koma ta faro daga ƙasa. Allah ya saka mata. Da ta yi mini ƙarya.

Laraba, 19 ga Maris

Na gwada a matakalar benen gidanmu, da agogo a hannu. Tara.

Alhamis, 20 ga Maris

Goma sha ɗaya, a minti shida. A ta goma sha ɗayan ƙafar hagu ta ƙi, na zauna. Saukowa ta gagara. A nan maƙwabciyata ta sama ta same ni da kwandon shara a hannunta, ta ce Baba lafiya, wa kake nema a sama? Na ce iska nake sha. Ta dubi bango, ko taga babu a wurin. Ita ta riƙo ni har ƙofa, sandata a hammatarta.

Asabar, 22 ga Maris

Na rubuta wa Mai Jirgin Safe gaskiya, na ce goma sha ɗaya ce iyakata, ta daina wahalar da kanta. Ta amsa kafin in ajiye tabarau. Wai akwai tsari a tashar: mutum ya cika fom kwana biyu kafin tafiya, ma'aikaci ya tarye shi da keken guragu, a bi da shi ta hanyar da ake wucewa da kaya, a haye layin dogo ta ƙasa. Ta ce mahaifinta ma haka aka riƙa yi masa.

Ta hanyar kaya. Na ce na gode, amma ni da ƙafafuna zan shiga wurin yayata. Ba za ta ga an turo ni kamar buhun wasiƙu ba.

Ta ce, "Baba Akawu, a tasha za a tura ka, ba a asibiti ba. Wa zai gaya mata?"

Na kife wayar. Ni zan sani.

Litinin, 24 ga Maris

Takwas. Baya nake yi.

Auta ta bugo, na ce mata na fasa. Na ji ajiyar zuciyarta ta cikin waya. Ta ce ka ga Baba, yanzu ka yi tunani.

Laraba, 26 ga Maris

'Yar Yaya. Muryarta a dushe. Yaya ta daina gane ta, jiya ta kira ta da sunan mahaifiyarmu. Abinci sai cokali biyu uku. Ta ce, "Kawu, kada ka wahalar da kanka. Ko ka zo ba za ta san kai ne ba."

Na ce me take cewa. Ta ce surutai ne kawai. Tun safe take damun nas-nas wai an kusa buga ƙararrawa, ƙaninta yana da miki a ƙafa, wa zai goya shi zuwa makaranta, ita an aike ta.

Ina aji ɗaya ke nan. Kwalba na taka. Wata guda tana goya ni, ita ma ba ta fi shekara goma ba. Ni na ma manta.

Alhamis, 27 ga Maris

Ba komai.

Juma'a, 28 ga Maris

Na je kemis karɓo maganin hawan jini. Tun da ina wurin, kuma babu layi, na ce ya buɗe mini fom ɗin nan in ga yadda suka tsara shi, don yanzu ba a iya tsara fom ba. Ba laifi. Suna, rana, jirgi. Tambaya ta huɗu: za ka iya hawa matakala da kanka? Akwai E, akwai A'a. Na nemi wurin ƙarin bayani, babu. Mai kemis ya juya yana gyara kwalaye a kanta, ya daɗe yana gyara su.

Litinin ce, jirgin takwas saura kwata. Ba lallai in same ta ba, in na same ta ma ba lallai ta dube ni ba. Ban gaya wa Auta ba. Wai wani zai tsaya a ƙofar tarago da keken.

Na goge takalmana, ko da yake ba ƙasa za su taka ba.