Ɗakin da Baffa Zai Kwana a Kano

Kwanyawa, daren Laraba, watan Sha'aban, 1990

Na dawo daga Kano ƙafafuna na zogi, amma raina fes. Yaya Sule ya aiko daga Legas cewa tunda za a yi wa Baffa aikin ido, a sauke shi a babban otal, in je in zaɓa. Shi dai mai dogon benen nan yake so.

Kai, akwai kyau! Ƙafa har nutsewa take a kafet, ga talabijin, ga sanyi. Sai na leƙa banɗaki, na dubi rana ta taga. Masan nasu alƙibla yake kallo sak. Na ce wa ma'aikacin otal ɗin, "Malam, duk ɗakunan haka suke?" Ya yi dariya ya ce, "Duka. Abokina, kwana ka zo yi ko duba masai?"

Na san Baffa. Ko a daji wajen kiwo sai ya juya kafin ya tsuguna. Ba zai yi ƙorafi ba, ci da sha kawai zai daina har mu dawo gida, ga ciwo a jikinsa.

Otal na biyu bai kai wancan ƙyalli ba, amma masansa kudu yake kallo, ɗakin a ƙasa yake, ana kuma jin ladan. Shi na kama. Yaya zai yi faɗa, ya yi ta yi.

Da na gaya wa Baffa ɗazu, ya ce, "Har wannan ka duba, Habu?" Sai ya turo min ƙwaryar furarsa.